Hallaju da Alƙalan Bagadaza

A ranar 26 ga Maris, 922, daidai da 24 ga Zulƙida, 309 bayan Hijira, aka fito da wani dattijo daga kurkuku a Bagadaza. Aka yi masa bulala, aka yanke hannuwansa da ƙafafunsa, aka gicciye shi. Daga baya aka sare kansa, aka ƙone gawar, aka watsa tokar a kogin Dijla. Sunansa Husaini ɗan Mansur, amma an fi saninsa da Hallaju, laƙabin da ake dangantawa da sana'ar mahaifinsa ta shiɓar auduga. Shekara dubu da ɗoriya ke nan, malamai ba su zama baki ɗaya a kansa ba. Wasu na kiransa waliyyi, wasu zindiƙi.

An haife shi a ƙasar Farisa wajen shekarar 858, ya tashi a Wasiɗ inda ya haddace Alƙur'ani. Ya zauna gaban Sahlu Tustari, sannan Amru Makki a Basra, ya kuma je wurin Junaidu, jagoran sufayen Bagadaza. Ya yi aikin Hajji sau uku, ya ratsa Hurasana har Indiya yana wa'azi. Ke nan ba wanda zai ce da shi jahili ko mai wasa da salla.

To me ya haɗa shi da malamai? Malamin fiƙihu yana aiki ne da zahiri: an yi alwala daidai ko ba a yi ba, cinikin nan ya halatta ko bai halatta ba. Yana da nassi, yana da shaidu, hukuncinsa kuma ya hau kan kowa, sarki da talaka. Sufi bai musa wannan ba, sai dai abin da ya dame shi yana can cikin ƙirji. Yana so ya san Allah sanin ɗanɗano, wanda suke kira zauƙi, har ya kai matsayin fana'i, inda bawa ke mance kansa sarai saboda tsananin shagala da Ubangijinsa. Wanda ya sha zuma ba ya buƙatar a siffanta masa zaƙinta, amma kuma ba shi da yadda zai kafa wa alƙali shaida a kan abin da harshensa ya ji.

Junaidu ya san haɗarin da ke nan. Shi ya sa yake koyar da almajiransa a keɓe, da zance mai lulluɓi, yana fifita natsuwa a kan mayen shauƙi. Hallaju kuwa ya tuɓe rigar sufaye, ya shiga kasuwannin Bagadaza yana faɗa wa kowa abin da ke zuciyarsa. An ruwaito cewa a cikin irin wannan hali ne ya kira kansa da sunan Alhaƙƙu, ɗaya daga sunayen Allah. Masu kare shi suka ce ba shi ya yi maganar ba, don a lokacin ya riga ya narke. Masu suka suka ce da'awar allantaka ce tsagwaronta. Sufaye da dama ma sun juya masa baya, suna ganin ya tona asirin da ya kamata a ɓoye.

Akwai wani mutum da ake yawan mantawa da shi a wannan labari, kuma a ganina shi ya fi cancantar a tuna. Lokacin da malamin Zahiriyya, Muhammadu ɗan Dawuda, ya nemi a hukunta Hallaju, sai babban malamin Shafi'iyya na Bagadaza, Ibnu Suraiju, ya ƙi sa baki. Hujjarsa ita ce irin wannan hali na zuciya ba ya cikin hurumin fiƙihu. Bai ce Hallaju ya yi daidai ba, iyakar iliminsa kawai ya nuna, ya tsaya a kanta. Wannan matsayi ya taimaka wajen tsawaita ran Hallaju. An kama shi a 913, ya yi shekaru kusan tara a tsare, Ibnu Suraiju kuma ya rasu a 918.

Daga nan siyasa ta karɓi ragama. Halifa Muƙtadir ya hau gado yana ɗan shekara 13, fada ta rabu gida-gida, baitulmali na fama da rashi. Mahaifiyar halifa da Nasru, babban mai tsaron ƙofarsa, suna tausaya wa Hallaju. Waziri Hamidu ɗan Abbas kuwa ya ɗaura aniyar ganin bayansa. Ga kuma tsoron Ƙaramiɗa, 'yan tawayen da daga baya, a 930, suka afka wa Makka suka ɗauke Hajarul Aswadi. Duk mai tara talakawa a irin wannan lokaci, idon hukuma na kansa.

Abin lura shi ne, ba waccan shahararriyar kalma ce ta yanke masa hukunci ba. An samo ne wata takarda a cikin kayansa mai cewa wanda ya kasa zuwa Hajji yana iya keɓe wuri a gidansa ya yi ɗawafi, ya ciyar da marayu. Hallaju ya ce daga littafin Hasanul Basari ya ciro ta. Alƙali Abu Umar, Bamalike, ya ƙaryata shi, ya furta cewa jininsa ya halatta, waziri kuma ya matsa masa sai da ya rubuta. Ibnu Aɗa'u, sufin da ya fito fili ya kare shi, dukan da aka yi masa bisa umarnin waziri ne ya zama ajalinsa. Labarin da ake bayarwa cewa Junaidu ya sa hannu a fatawar kuwa ba shi da tushe, domin ya rasu tun 910.

Sufaye sun ɗauki darasi. Sarraju da Ƙushairi suka rubuta littattafan da ke nuna cewa haƙiƙa ba ta rabuwa da shari'a. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya nema wa Hallaju uzuri da cewa zancen masoyi ne da shauƙi ya rinjaya, yayin da Ibnu Taimiyya ya ce kisan ya yi daidai. Sannu a hankali tasawwufi ya gina nasa tsarin: shehi, muƙaddami, wuridi, zawiya. Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, malamin fiƙihun Hambaliyya ne. Irin wannan haɗin na fiƙihu da tasawwufi ne ya iso ƙasar Hausa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kasance Bamalike a fiƙihu, Baƙadire a ɗariƙa.

Ba na jin shari'a ce ta kashe Hallaju, duk da cewa da sunanta aka yi. Al'umma ba ta zaunuwa ba tare da doka ba, kuma malaman da kalamansa suka firgita suna da dalilinsu. Amma tsakanin malamin da ya ce wannan ya wuce hurumina da alƙalin da ya rubuta hukunci waziri na tsaye a kansa, Ibnu Suraiju ne ya riƙe amanar ilimi.