Daga Maƙabartar Tata Zuwa Gidan Yaran Iziyu

Yau kowace ta gyara zama a ɗakinta, mota za mu shiga zuwa karkarar Faransa. Ba Paris muka nufa ba, ƙauyukan da ke kewaye da birnin Liyon za mu zaga.

Abin da matafiyi zai fara lura da shi, kusan kowane ƙauye akwai dogon dutse a dandali, an sassaƙa sunayen mazan garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918. Faransa ta rasa soja wajen miliyan 1.4 a yaƙin nan. Wani lokaci sai a ga sunan gida ɗaya ya fito sau biyu ko uku a jere. Wasunsu uwa ɗaya ce fa ta haife su.

Kimanin kilomita 20 arewa da Liyon akwai ƙauyen Shasale. A tsakiyar gonaki sai ga jar ganuwa mai zankwaye, kamar an ɗauko ta daga ƙasashenmu. Sunanta Tata, maƙabartar sojojin Afirka ce su 188. Ana ce musu sojojin Sanagal, amma suna ne kawai. Faransa ta riƙa kwaso irinsu daga duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da Nijar.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 17 ga Yunin 1940 sabon shugaban gwamnatin Faransa, Marshal Petain, ya yi shela a rediyo cewa a daina yaƙi. Duk da haka aka bar waɗannan bayin Allah su tare wa Jamusawa hanyar Liyon. Suka fafata ranar 19 da 20 ga wata, har harsashi ya ƙare musu suka miƙa wuya. Sai Jamusawa suka ware Turawa gefe, suka kora baƙaƙen fata kusan 50 cikin fili, tankoki suka buɗe musu wuta. Wannan ba yaƙi ba ne, kisan gilla ne saboda launin fata. Mutanen ƙauyen ne suka binne gawarwakin, suka ɓoye masu rauni suna jinyarsu. Daga baya wani jami'i, Jean Marchiani, ya sayi fili aka gina maƙabartar, aka buɗe ta a Nuwamban 1942. Wasu kaburburan har yau ba suna a kansu. Ku tuna da matar da aka bari a gida, ba gawa, ba wasiƙa, ba ta ma san ranar da za ta fara takaba ba.

Daga nan sai mu yi gabas, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, zuwa Iziyu. Wani gida ne babba a kan tudu, yana kallon kogin Ron. A 1943 wata ma'aikaciyar jinya, Sabine Zlatin, da mijinta Miron suka tara yaran Yahudawa a nan suna ɓoye su. Da safiyar 6 ga Afrilun 1944, yara na karin kumallo, 'yan sandan Gestapo suka iso bisa umarnin Klaus Barbie, suka kwashe yara 44 da manya 7. Ƙaraminsu shekararsa 4. Sabine ba ta nan, ta tafi nema musu wata mafaka.

Cikin masu renon akwai Lea Feldblum. Tana da takardun bogi da za su iya fid da ita, amma ta faɗi sunanta na gaskiya don kada a raba ta da yaran. Ta bi su har sansanin Oshwiz. Ita kaɗai ta dawo da rai. Ba yaro ko ɗaya da ya tsira.

An yanke wa Barbie ɗaurin rai da rai a Liyon a 1987, Sabine da Lea duk suka ba da shaida. A 1994 aka mai da gidan wurin tarihi. Mai ziyara yakan hau bene ya ga ajinsu da teburan karatu, da zane-zanen da suka yi, da wasiƙun da suka rubuta wa iyayensu.