Harafi guda da ya kai jirgi ga dutse: hatsarin Kali na 1995

A filin tarihinmu na yau za mu je ƙasar Kolombiya, a Kudancin Amurka, mu waiwayi daren 20 ga watan Disamba 1995.

A wannan dare jirgin kamfanin American Airlines mai lamba 965, ƙirar Boeing 757, ya taso daga Miyami zuwa birnin Kali ɗauke da mutum 163, da yawansu masu komawa gida ne don bikin Nowel. Jirgin ya makara wajen tashi da kusan awa biyu. Kali kuwa tana cikin kwari ne, manyan duwatsu dama da hagu, kuma a wancan lokacin filin jirginta ba shi da rada, domin ƴan tawayen FARC sun lalata ta tun 1992. Ke nan mai ba da umarni daga ƙasa ba ya ganin jirgin, sai abin da matuƙa suka faɗa masa.

Da suka kusato, sai aka yi musu tayin su sauka kai tsaye ta arewa maimakon su zagaya ta kudu. Suka amsa, don rage lokacin da suka ɓata. To amma canza hanya yana nufin sake shirya kwamfutar da ke jan jirgin, cikin gaggawa, ga duhu, ga jirgi yana ta gangarowa.

Nan ne matsalar ta faro. Akwai wata ƴar tashar alama kusa da Kali mai suna Rozo, wadda a taswirar takarda aka sa mata harafin R. Matuƙin ya danna R, ya zaɓi abin da kwamfuta ta fara nuna masa. Ashe a cikin kwamfutar, R na wata tasha ce daban, Romeo, can kusa da Bogota. Ita Rozo sai an rubuta sunanta cikakke take fitowa. Mu ma'aikatan radiyo mun san wannan ciwo: tasha biyu a kan zango ɗaya, da alama iri ɗaya, dole a ruɗe.

Kwamfuta ba ta yi gardama ba. Ta karkata jirgin hagu, wajen gabas, inda duwatsu suke. A ƙa'ida, kafin a tabbatar da sabuwar hanya sai ɗaya matuƙin ya duba ya amince, amma ba a yi haka ba. Kafin su farga sun bar kwarin. Suka juyo dama don komawa hanya, alhali dutse ya riga ya shiga tsakani. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara saura daƙiƙa 12 kacal. Suka ba injuna wuta don su hau sama, sai dai birkin iska da suka buɗe tun wajen gangarowa yana nan a buɗe, an manta da shi. Jirgin ya daki dutse kusa da garin Buga. Mutum 159 suka rasu, huɗu kawai suka tsira.

Masu bincike na Kolombiya sun ɗora laifin a kan matuƙan biyu. Amma a shekara ta 2000 wata kotu a Miyami ta raba alhakin: kashi 75 cikin 100 ga American Airlines, 17 ga Jeppesen mai shirya bayanan taswira, 8 ga Honeywell mai ƙera kwamfutar. Bayan hatsarin kuma aka gaggauta sa wa jirage sabuwar na'urar gargaɗi, mai ɗauke da taswirar duwatsu a cikinta, wadda ke faɗakarwa tun da sauran lokaci.

Kun ga, jama'a, matuƙan nan ba sabbin shiga ba ne, kuma jirgin lafiyarsa lau. Kwamfuta ta yi daidai abin da aka danna mata, ita ba ta san abin da ke zuciyar mai dannawa ba. Daƙiƙa kaɗan na dubawa aka tsallake don a kama lokaci, sauri ya haifi nawa. Shi ya sa har yau ake koyar da labarin Kali a makarantun horar da matuƙa jirgi.

Allah ya kiyaye mana matafiyanmu, na sama da na ƙasa. Sai mun ji ra'ayoyinku.