Hutun iyali a tsibiran Bahar Rum: takardu, jiragen ruwa, zafi da abin gani

Bahar Rum shi ne tekun da ya raba arewacin Afirka da kudancin Turai, faɗinsa kimanin kilomita murabba'i miliyan 2.5. A cikinsa akwai tsibirai dubbai, amma manyan biyar ne: Sisiliya da Sardiniya na Italiya, Kubrus mai cin gashin kanta, Korsika ta Faransa, sai Kirit ta Girka. Lokacin da Turawa ke tururuwa zuwa can shi ne daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Wasu kan kira shi bazara, amma a lissafin manomin Maraɗi ko Tawa damina ce tsundum, kuma ya yi daidai da babban hutun ƴan makaranta. Shi ya sa iyalan ƴan kasuwa da ma'aikata masu hali, da ƴan Nijar mazauna Turai, kan sa ido a kan waɗannan watanni.

Takardu kafin komai

Sisiliya, Sardiniya, Korsika, Malta, tsibiran Girka da na Spaniya duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ke shigar da mutum dukkansu har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Tun watan Yuni na 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, wato kimanin jika 59 na sefa, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kyauta ga wanda bai kai 6 ba. Miji da mata da yara biyu ƴan firamare za su biya yuro 270, fiye da jika 177, kuma ba a maido kuɗin idan an hana. Dole ne kowa ya sami inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, sai an haɗa da takardar amincewar uba, haka ma akasin hakan.

Ana iya ajiye takardu tun wata shida kafin tafiya. Wanda ya jira sai Yuni ya makara, musamman tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai, inda da yawa suka saba kai takardunsu, ya rufe a Janairun 2024. Kubrus kuwa, duk da tana cikin Tarayyar Turai, tana da nata sharuɗɗan shiga, kuma tsibirin rabe yake gida biyu tun 1974.

Yadda ake ƙetarawa

Taswira kan yaudari mai shirin tafiya. A takarda tsibiran kamar jere suke kusa da juna, amma tsakanin Palermo da Kaliyari, babban birnin Sardiniya, tafiyar kimanin awa 12 ce a jirgin ruwa, kuma ba kullum yake tashi ba. Gajerun ƙetare su ne suka dace da masu ƙananan yara: Pozzallo ta kudancin Sisiliya zuwa Valletta, ƙasa da awa biyu, Malta zuwa Gozo, minti 25, arewacin Sardiniya zuwa Bonifacio ta Korsika, kimanin awa ɗaya. Mashigin Messina, wanda ya raba Sisiliya da babban yankin Italiya, faɗinsa kimanin kilomita 3 ne a inda ya fi matsewa, kuma har yau ana loda taragon jirgin ƙasa cikin jirgin ruwa a ƙetare da su, abin da yara ba sa mantawa.

A jiragen dare ana sayar da kujera ko ɗaki mai gadaje. Iyali su biya ɗakin. Kwana a kujera da jariri ba hutu ba ne. A mako biyu, tsibiri biyu sun isa, uku idan na ukun ƙarami ne kamar Gozo. Mai son hayar mota zai buƙaci parmi na ƙasa da ƙasa da katin banki mai sunansa, ya kuma lura da abu biyu: a Malta da Kubrus ta hagu ake tuƙi, a tsofaffin unguwannin biranen Italiya kuma akwai allo mai harufan ZTL, inda kamara ke ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, tarar ta bi mutum bayan ya koma gida.

Sisiliya

Ita ce mafi girma, kilomita murabba'i 25,700, da mutane kusan miliyan 5, kuma ita ce ta fi ba matafiyi daga ƙasar Hausa abin tsayawa ya duba. A 827 rundunar Aglabiyawa ta tashi daga Tunisiya ta sauka a Mazara, jagoranta kuwa ba sojan gona ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Littafinsa Asadiyya shi ne tushen da Sahnun ya gina Mudawwana a kai, wadda malaman zaure suka sani sarai. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, ta zauna a hannunsu har 1072 da Normandawa suka karɓe ta.

Sababbin sarakunan ba su rushe abin da suka tarar ba, sun riƙe magina da marubuta Larabawa. A fadar Sarki Roger na Biyu ne Idrisi ya kammala taswirar duniya da littafin da ke bayaninta a 1154, kuma a ciki ya yi maganar garuruwan Kawar da fataucin alif da ake yi daga can, wato yankin Bilma na yau. Ɗakin ibadar fadar, Cappella Palatina, coci ne, amma rufinsa aikin sassaƙa ne irin na masallatan Magrib, da rubutun Larabci. A ƙofar babbar majami'ar birnin, wadda ta taɓa zama masallacin Juma'a, akwai ginshiƙi mai ɗauke da ayar Alƙur'ani. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihi na duniya a 2015.

Yara ba za su jure yawon gine-gine fiye da safiya ɗaya ba. Abin da ke riƙe su shi ne kasuwar Ballarò da hayaniyarta, ƙanƙarar lemun tsami da ake kira granita, da dutsen Etna mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 3,300. A saman akwai sanyi ko a watan Agusta, sai da rigar sanyi, kuma idan ya motsa toka kan sa a rufe filin jirgin Kataniya na ƴan awoyi ko yini guda. A yammacin tsibirin, wajen Trapani, kuskus da kifi abincin gida ne. Akwai masallatai a Palermo da Kataniya, a Mazara kuma tsohuwar unguwa cike take da ƴan Tunisiya masunta.

Malta da Gozo

Ƙasar duka kilomita murabba'i 316 ce. Ta sami ƴanci daga Ingila a 1964, ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Harshenta jikan Larabcin Sisiliya ne da ake rubutawa da boko; mutanen Kiristoci ne ƴan Katolika, amma Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu kuma Randan. Wanda ya yi allo zai gane ƙidayarsu ba tare da tafinta ba. Ingilishi na aiki ko'ina, Faransanci kaɗan. Masallacin Mariam Al-Batool yana garin Paola. A Gozo akwai ɗakunan bauta na Ġgantija, waɗanda suka girmi dalar Masar, da dutsen kabarin wata Musulma mai suna Maimuna, mai ɗauke da shekarar 1174. Shahararren wurin wanka na tsibirin Comino ya cika maƙil har hukuma ta sa sai an yi rajista ta intanet kafin a taka shi. Masu yara sun fi samun sarari a yashin Ramla na Gozo ko Mellieħa, inda ruwan ba shi da zurfi.

Sardiniya, Korsika da sauran

Waɗannan biyun na masu son bakin teku da tsaunuka ne. Sardiniya na da tsofaffin hasumiyoyin dutse kusan 7,000 da ake kira nuraghe, da wata doka da ta shafi yara kai tsaye: ɗibar yashi, tsakuwa ko ƙwarya daga bakin ruwa laifi ne, tararsa daga yuro 500 zuwa 3,000, kuma ana binciken jakunkuna a tasha. Korsika, mahaifar Napoleon a 1769, ta fi sauƙi ga mai jin Faransanci, sai dai tana da tsada. Tutocin tsibiran biyu na ɗauke da hoton kan baƙin mutum mai ɗaurin goshi, ɗaya a ta Korsika, huɗu a ta Sardiniya, abin da yaro zai tambaya tun a tashar jirgi. A garin Sisco na Korsika ne aka yi rikici a bakin ruwa a Agustan 2016, har magajin gari ya hana rigar wanka mai rufe jiki. Matar da ke son shiga ruwa da suturarta gara ta tambayi dokar garin da ta wurin wankan otel tun da wuri.

Girka na da tsibirai masu mutane fiye da 200, da dama daga cikinsu ana zuwa ne daga tashar Piraeus ta Atina. A Yuli da Agusta iskar arewa da suke kira meltemi kan tayar da teku, ƙananan jirage masu gudu su fasa tashi, yara su yi ta amai. Mayorka ta Spaniya, wadda Musulmi suka riƙe har 1229, ta shiga labarai a 2024 saboda zanga-zangar mazauna kan yawan baƙi da tsadar haya.

Zafi, abinci, salla

Ɗan Damagaram zai ce zafin Turai wasa ne. A ranar 11 ga Agusta 2021 an auna digiri 48.8 kusa da Sirakusa, mafi girma da aka tabbatar a nahiyar, kuma zafin bakin teku mai laima ne, zufa ba ta bushewa. A Yulin 2023 gobarar daji ta sa aka kwashe mutane kusan 20,000 a tsibirin Rodos. Mutanen wurin kan rufe kantuna bayan azahar su fito da la'asar, baƙo ma haka ya kamata ya yi. Makon 15 ga Agusta, ranar hutun Ferragosto a Italiya, shi ne mafi cunkoso da tsada. Ƙarshen Yuni da Satumba sun fi rangwame. Yaron da ya saba da tafki bai san igiyar ruwan teku ba: jar tuta na nufin kada a shiga. Lambar agaji a duk Tarayyar Turai 112 ce.

Naman alade ya yi yawa a girkin Sardiniya da Korsika. A Italiya kalmomin lura su ne maiale da strutto, na biyun kitsensa ne, kuma yakan shiga burodi da kayan zaƙi, har da cannoli na Sisiliya. Kifi, taliya da kayan lambu sun wadata. Hayar gida mai kicin ta fi ɗakuna biyu a otel sauƙi ga babban iyali. Yini na da tsawo: a ƙarshen Yuni magariba a Palermo sai wajen takwas da rabi na dare, agogon Italiya kuma na gaban na Yamai da awa ɗaya, na Girka da biyu. Alƙibla daga Sisiliya da Malta kudu maso gabas take.

Lampedusa da Jarba

Akwai tsibirin da sunansa ya fi duk sauran sanuwa a tashoshin motar Agadas. Lampedusa kilomita murabba'i 20 ce, mutanenta kimanin 6,000, kuma ta fi kusa da Tunisiya, kilomita 113, fiye da Sisiliya. Italiyawa na zuwa hutu a yashinta, inda kififiyar teku ke ƙwai, a daidai gaɓar da jirgin ƴan ci-rani ya nutse ranar 3 ga Oktoba 2013 da mutane fiye da 360. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga fiye da 28,000 da suka mutu ko suka ɓace a wannan teku tsakanin 2014 da 2023. A Valletta ne shugabannin Turai da Afirka suka yi taro kan ƙaura a Nuwamban 2015, shekarar da Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamban 2023. Wannan tarihi na bin baƙar fata mai biza ma: ƴan sanda kan tsayar da mutum a tashar jirgin ruwa su nemi takardu, don haka fasfo ɗin kowa da kofin takardar masauki su kasance a jakar hannu.

Ga iyalin da biza ta gagara, Jarba ta kudancin Tunisiya tsibirin Bahar Rum ce ita ma, kilomita murabba'i 514, kuma ba ta cikin tsarin Schengen. Agogonta ɗaya da na Nijar, abinci halal ne, ana jin Faransanci. Tana da fararen masallatan Ibadiyya masu kama da ganuwa, da majami'ar Yahudawa ta Ghriba, da kasuwar Houmt Souk, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 2023. Ana shiga ta jirgin sama, ko jirgin fito na kwata daga Jorf zuwa Ajim, ko a mota ta kan hanyar dutse mai kilomita 7 da ta haɗa ta da gaɓa tun zamanin Rumawa.