Daga Jajin Nana Asma'u Zuwa Ungozomar Yau

Makalar wannan mako daga Diggi ta fito, kuma waiwaye za mu yi, don waiwaye adon tafiya ne.

A 1805 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka sauka Gwandu bayan hijira da yunwa da cuta. A ƙarshen shekarar aka gwabza a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har Gwandu. Muna karanta sunayen jarumai, amma masu ciki da masu goyo ba a cika ambatonsu ba. Cikin yaran da suka ga wannan tashin hankali akwai Nana Asma'u, tana 'yar shekara 12.

Da ta girma ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin ta riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka, har da waɗanda yaƙi ya rabo da garuruwansu. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan kan magani da ayoyin Alƙur'ani, inda ta taɓo har haihuwa. Dabararta ita ce, mace ce ke iya shiga har ɗakin mace.

Gwamnati ta dawo kan wannan hanya daga baya. A 2009 hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta fara tura ungozomomi asibitocin karkara. Mata masu bin gida-gida da allurar riga-kafi na cikin waɗanda suka sa a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna.

Yau 'yan bindiga sun addabi ƙasar Zuru, Lakurawa sun kai hari Mera ta Augie a Nuwambar 2024. Inda hanya ta zama abin tsoro da dare, mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ko jijjiga ta kama ba ta isa asibiti. Ma'aikata su gudu, awon ciki ya tsaya, tamowa ta kama yara. Wadda take zaune a garin, aka horar da ita, ita ke saura.

Mu marubuta mun cika littattafanmu da amare. Ina labarin ungozomar da ta kwana kan mai naƙuda ana jin ƙarar bindiga? Kakanninmu na nan da rai, mu zauna da su mu rubuta kafin su tafi da shi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya.