Gaɓar Tiga a damina: abin da ya kamata a sani game da “tekun” ƙasar Rano

Mutumin Rano ko Kibiya da ke marmarin ganin teku sai ya ci tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya isa Legas. Duk da haka, yaron da ya tashi a Rurum bai rasa gaɓar wasa ba, domin tafkin Tiga na shimfiɗe a kusa da shi, ruwa iya ganin ido. Da rani wurin shan iska ne da kamun kifi. Da damina kuwa gaɓar kan sauya kama, kuma a lokacin ne amfanin tafkin da haɗarinsa suke fitowa fili tare.

Asalin tafkin

An gina madatsar ruwan Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamnan jihar Kano na farko, Kwamishinan ’Yan Sanda Audu Baƙo, a daidai shekarun da fari ya addabi yankin Sahel. An tare Kogin Kano ne, wanda ke gangarowa daga tsaunukan kudu ta dajin Falgore, da bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6. Ruwan da ya taru ya mamaye kimanin murabba’in kilomita 178, kuma an tsara wurin ya riƙe abin da ya kusa kubik mita biliyan 2.

Bangon madatsar yana ƙaramar hukumar Bebeji, amma tafkin ya taɓa ƙasar Rano da ta Tudun Wada. Kibiya ba ta bakin ruwan, sai dai kasuwa da auratayya da sarauta sun ɗaure ta da Rano. Tun 2024 masarautar Rano ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure.

Daga Tiga ake sakin ruwan da ke shayar da gonakin Kadawa a Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama. Daga kogin kuma matatar Tamburawa ke ɗibar wani kaso na ruwan shan birnin Kano.

Yadda damina ke sauya gaɓa

Ruwan sama kan sauka a kudancin Kano daga wajen Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a Oktoba. Da yake tafkin na tara ruwan da ya zubo daga nesa, yakan ci gaba da cika ko a ranar da ba a yi ko yayyafi a Rano ba. Filin da aka yi ƙwallo a kansa a watan Afrilu yakan koma ƙarƙashin ruwa kafin Satumba. Ramukan da aka haƙa da rani sukan ɓuya, laka ta yi santsi, ruwa ya yi jaja-ja har ba a ganin ƙasansa. Wanda ya san wurin da rani, baƙo ne a cikinsa da damina.

Iyalan gaɓa sun saba da wannan juyi. Magidanci kan raba yininsa tsakanin gona da kwalekwale, mata na banda kifi ko soya shi don kasuwa, yara na kiwo da tsintar kifin da ya maƙale a kududdufai. Ƙarfasa da tarwaɗa su ne aka fi gani a faranti. Dogon hutun makaranta kan faɗo a tsakiyar marka, wato lokacin da yara suka fi samun sarari shi ne lokacin da ruwa ya fi cika. A lokacin ne kuma baƙi daga birni kan zo da iyalansu yawon buɗe ido, yawancinsu ba su iya iyo ba.

Haɗurra uku

Na farko nutsewa ne. Jihar Kano ba ta manta da 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, ya hallaka aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya su ne kan mayar da ƙaramin hatsari babbar musiba, a Watari ko a Tiga.

Na biyu tsargiya ce. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta huda fatar mai wanka ko wanki. Alamarta fitsarin jini, wanda wasu iyaye har yau suke ɗauka alamar balaga ce ga ɗa namiji. Cuta ce, tana da magani, kuma idan aka ƙyale ta takan lalata mafitsara da ƙoda.

Na uku lafiyar madatsar kanta. A Agustan 1988 madatsar Bagauda, maƙwabciyar Tiga, ta ɓalle bayan mamakon ruwa. A Satumban 2024 ta Alau ta yi ambaliya ta cinye wani babban ɓangare na Maiduguri. Tiga ta haura shekara 50, kuma mutanen Wudil da Ringim da Haɗeja suna ƙasanta.

Wa ke da alhaki?

Madatsar na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama’are, ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976. Gwamnatin jiha ke da yawon buɗe ido da agajin gaggawa da kiwon lafiya, ita ce kuma ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a wurin. Ƙananan hukumomi ke kusa da jama’a, sarakunan ruwa kuma su suka san masunta ɗaya bayan ɗaya. Hausawa na cewa jifa a kasuwa, kan mai tsautsayi: idan hukumomi suka yi yawa a kan abu ɗaya, talakan da ke gaɓa ne kan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Saboda haka akwai tambayoyin da matashin Rano ko Kibiya ke da haƙƙin yi wa kansila da ɗan majalisarsa. Yaushe aka yi wa bangon madatsar binciken ƙarshe, kuma ina rahoton? Ta wace hanya ake sanar da ƙauyuka kafin a ƙara sakin ruwa? Wa ke duba lodin jirage da rigunan kariya? Yaushe aka raba maganin tsargiya a makarantun gaɓa?

Kafin amsa ta zo, ga abin da ke hannun iyali: kada yaro ya je ruwa ba babba, kada a shiga jirgi bayan magariba ko idan hadari ya haɗo, baƙo ya tambayi masunta inda ke da zurfi, duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa kuma a kai shi asibiti.