Kuɗin Ciyawa a Amurka

Duk wanda ya kama aiki a ofishinmu na alkinta ƙasar noma, a kowace gunduma ta Amurka, ba ya cika mako bai ji labarin Hugh Bennett ba. A 1935 fari da guguwar ƙura sun cinye gonakin Kansas, Oklahoma da Texas. Wai Bennett yana gaban 'yan majalisa a Washington ya yi ta jan magana da gangan, har ƙurar ta iso birnin ta dushe rana, kowa ya leƙa taga ya gani da idonsa. A watan Afrilun shekarar aka kafa hukumar alkinta ƙasar noma, shi ne shugabanta na farko.

Abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba shi ne ƙofar da kuɗin ya biyo. A Janairun 1936 Kotun Ƙoli ta soke dokar da gwamnatin Shugaba Roosevelt ke biyan manoma da ita su rage noma don farashi ya tashi. Ba a rufa wata biyu ba sai ga sabuwa: za a biya ka in ka bar shuka mai cin ƙasa ka koma ciyawa. Wace shuka ce mai cin ƙasa? Alkama, masara da auduga, waɗanda dama su ne suka yi kwantai a kasuwa. Tun ran nan tallafin ke bin farashin hatsi sau da ƙafa.

An yi shirin ajiye gonaki a 1956. Da Tarayyar Sobiyet ta zo sayen hatsi a 1972, sakataren noma Earl Butz ya ce a nome har bakin shinge, aka bi ciyawar da garma. Da kasuwa ta faɗi, bashi ya shaƙe manoma, sai dokar 1985 ta haifi shirin CRP: gwamnati ta karɓi hayar gonar da zaizaya ke ci, shekara 10 zuwa 15, a shuka ciyawa a bar ta.

Ba na raina shirin. Na tsaya a gangaren da iska ke kwashewa a da, na tura hannu ƙarƙashin ciyawa, ƙasar baƙa, da danshi, tsuntsaye na tashi ta ko'ina. Amma mai sayar da taki da mai gyaran tarakta a ƙauyen ba sa yi mana kallon arziki, shi ya sa doka ta hana a saka fiye da kashi 25 cikin 100 na gonakin gunduma. A 2007 shirin ya kai kusan eka miliyan 37. Sai masara ta yi tsada saboda man itanol. Manomi zai zo da taswirar gonarsa a hannu, ya ce ba zai sabunta ba, ciyawar shekara goma ta tafi a wuni guda. A 2014 majalisa ta rage iyakar filin da shirin zai ɗauka zuwa eka miliyan 24.

Makiyaya kuwa ƙorafinsu ya daɗe, kuma da gaskiyarsu. Sharaɗin CRP na asali shi ne an taɓa noma filin. Wanda ya farke ciyawar gado ya lalata ƙasa, shi ake biya ya gyara. Maƙwabcinsa da bai taɓa sa garma ba, ko sisi. Shirin EQIP na 1996 ya ɗan rage zafin, yana ɗaukar wani kaso na kuɗin shinge, bututun ruwa da kwamin shayar da shanu. Sai bayan dokar 2014 shirin CRP ya fara biyan makiyayi hayar filin kiwonsa, shanunsa na ciki suna ci.