Malaman Kiɗa A Makarantu: Gwanayen Da Ba Su Fitowa A Fosta

Mai karatu, in ka na cikin waɗanda su ka sha kallon finafinan Indiya, ko a sinima ko a bidiyo, ba sai an gabatar maka da Amar Akbar Anthony ba, fim ɗin nan na darakta Manmohan Desai da ya fito a 1977. To amma ka taɓa tambayar kan ka inda aka samo sunan da Amitabh Bachchan ya amsa a ciki, wato Anthony Gonsalves? Ai sunan wani malamin kiɗa ne, mutumin Gowa, wanda ya koya wa Pyarelal goge tun ya na yaro. Da Pyarelal ya kawo ƙarfi, shi da abokin aikin sa Laxmikant su ka samu aikin kiɗan fim ɗin, sai ya roƙi a sa wa jarumin sunan malamin sa. Aka kuwa yi masa.

Ita Gowa ta na hannun Turawan Fotugal har zuwa 1961, kuma tun ƙarni na 16 makarantun coci na ƙauyukan ta ke koya wa yara jan goge da karanta kiɗa a rubuce. Yaran nan ne su ka riƙa girma su na cika situdiyoyin Bombai. Kukan gogen nan da ka ke ji a bayan muryar Lata Mangeshkar, da yawa daga masu jan sa a hannun wani malamin ƙauye su ka fara.

A nan wurin mu kiɗa gado ne: yaro ya tashi ya na bin uban sa ko ubangidan sa, daga ɗaukar kaya zuwa amshi, har hannun sa ya faɗa. A can kuwa akwai abin da su ke kira okestira, wato taron makaɗa daga mutum arba'in har ɗari, mafi yawan su masu goge manya da ƙanana, sai mabusa da masu ganguna, kowa da takardar kiɗa a gaban sa, mutum ɗaya ya tsaya da ɗan tsinke ya na ba su umarni. Irin wannan taro uba ɗaya ba ya iya gadar da shi, sai makaranta. To su waye malaman, kuma daga ina su ke fitowa? In ka bi tarihin su za ka ga abu biyu na yawan maimaituwa. Da yawan su wata hanya ce ta toshe masu kafin su shiga aji. Sannan da zarar aljihun hukuma ya yi sanyi, su ake fara nuna wa ƙofa.

FADAN DA YA BAR BAGADI

Mu fara da birnin Benis na ƙasar Italiya. A 1703 aka naɗa wani saurayi ɗan shekara 25 mai suna Antonio Vivaldi limamin Katolika, wato fada. Uban sa wanzami ne da ya koma sana'ar goge, shi ya koya masa. Fadancin bai yi nisa ba, domin ya na fama da ciwon ƙirji, har ya daina jan sujada. A watan Satumba na wannan shekara ya kama aikin koyar da goge a wani gidan marayu da ake kira Pieta, a kan albashin dukat 60 a shekara, irin kuɗin su na lokacin.

Gidan nan na yaran da aka yar ne. Akwai wata 'yar kafa a jikin bango inda uwa kan ajiye jinjiri ta sulale ba wanda ya gan ta. Maza a koya masu sana'a su tafi, 'yan matan da aka ga su na da basira kuma a sa su kiɗa. Su kan yi wasan su ne a kan bene a bayan raga, jama'a na jin su ba su ganin fuskokin su sosai, amma baƙi daga ko'ina a Turai su na zuwa saurare.

Ka na jin mai irin wannan aiki ya zauna daram? Ina! Duk shekara sai hukumar gidan ta kaɗa ƙuri'a a kan ko za ta sabunta masa aiki. A 1709 mutum bakwai su ka ce ya tafi, shida su ka ce ya zauna. Da ƙuri'a ɗaya aka sallami Vivaldi. Sai a 1711 su ka sake kiran sa, a 1716 kuma su ka ba shi shugabancin makaɗan gidan.

Ya bar wa duniya kusan 500 na irin kiɗan da ake kira konshato, inda gwani ɗaya ke jan gaba sauran na amsa masa, kuma da yawan su domin ɗaliban sa ya rubuta su. Wata ɗalibar sa mai suna Anna Maria, wadda ba ta da sunan uba sai na gidan, ita kaɗai ya rubuta wa fiye da ashirin. Ta zama malama ita ma, ta rayu a gidan har mutuwar ta a 1782. Shi kuwa malamin, yayin sa ya wuce tun ya na raye. Ya mutu cikin talauci a birnin Biyana a 1741, aka manta da shi. Sai a 1926, da wata makarantar kwana a arewacin Italiya ta nemi sayar da tsofaffin littattafan ta domin ta yi gyare-gyare, aka tarar da tarin rubuce-rubucen sa a ciki.

CIWON HANNU YA KAI SHI AJI

Daga nan sai Ingila, bayan shekara ɗari biyu. Gustav Holst, wanda aka haifa a 1874, fiyano ya so ya zama sana'ar sa kamar uban sa, amma ciwon jijiya a hannun dama ya hana. Sai ya koma busa wani dogon ƙaho na tagulla da ake kira turombon, irin wanda ka ke gani a hannun 'yan badujala, ya na bin ƙungiyoyi gari-gari domin abin sawa a baka. Yawon ya hana shi zama ya rubuta nasa kiɗan, don haka ya ajiye ƙaho ya ɗauki alli. A 1905 ya zama shugaban sashen kiɗa na makarantar 'yan mata ta St Paul's da ke Landan.

Hausawa na cewa wani hani ga Allah baiwa ne. A 1913 makarantar ta gina sabon ɓangaren kiɗa, ta ba shi ɗakin da hayaniyar waje ba ta shiga. Domin godiya ya rubuta wa makaɗan makarantar St Paul's Suite, wanda har yau yara ke koyo. A wannan ɗaki ne kuma, a ranakun ƙarshen mako da lokutan hutu, ya rubuta The Planets, babban aikin sa mai kashi bakwai a kan taurari, wanda ya fara a 1914. In hannun ya matsa masa, malamai mata biyu abokan aikin sa, Vally Lasker da Nora Day, su ke taya shi rubutu. Da aka tashi kaɗa shi karon farko a Satumba 1918, ɗaliban sa na cikin waɗanda su ka kwafe wa makaɗa takardun su da hannu.

Ko ba ka taɓa jin sunan Holst ba, ka ji jikokin kiɗan sa. Kashin farko na The Planets, wanda ya yi a kan yaƙi, masana sun daɗe su na nuna sawun sa a kiɗan finafinai irin su Star Wars da Gladiator. Abin da zai ba ka sha'awa shi ne, da sunan sa ya zagaye duniya bai bar aji ba. Shekara 29 ya yi a makarantar. A 1933, ya na kwance a asibiti, ya rubuta wa ƙananan ɗaliban wani kiɗa daidai ƙarfin hannun su. A shekara mai zuwa ya mutu.

YADDA FIM YA KORO MAKAƊA ZUWA MAKARANTA

A Amurka ne abin ya zama aikin gwamnati sosai. Jagoran wannan fafutika shi ne Joseph Maddy, wanda ya bar kujerar sa a babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Minneapolis, daga baya ya shiga koyarwa. A 1926 ya tara yaran sakandare fiye da 200 daga jihohi daban-daban su ka yi wasa a Detroit. A 1927 ya sake tara su a Dallas, a gaban taron shugabannin ilimi na ƙasar. Kiɗan ya ratsa su har su ka zartar da cewa a riƙa ba darasin kiɗa matsayi ɗaya da sauran manyan darussa.

To ina za a samo malaman? A nan ne harkar fim ta shigo. A zamanin bebayen finafinai, kowace sinima ta na da makaɗan ta da ke zaune a ƙasan majigi su na bin hoto da kiɗa. A Oktoba 1927 aka fito da The Jazz Singer, fim ya fara magana, cikin 'yan shekaru dubban makaɗa su ka rasa aiki. Ga kuma karayar tattalin arziki ta 1929 ta biyo baya. Da yawan su su ka nemi takardar koyarwa su ka shiga aji, inda su ka tarar da tsofaffin 'yan badujalar soja da su ka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya.

MAI GOGE HAMSIN

Cikin yaran da su ka ci moriyar wannan tsari akwai Roberta Guaspari, wadda aka haifa a 1947 a jihar Niyok. A firamaren gwamnati ta fara riƙe goge, ta ci gaba har digiri na biyu. Ta auri sojan ruwa, ta yi ta bin sa duk inda aka tura shi. A ƙasar Girka ta sayi ƙananan goge hamsin domin koya wa yara. Ana nan auren ya mutu, ta tashi da 'ya'ya maza biyu da goge hamsin, ba aikin yi.

A farkon shekarun 1980 ta fara koyarwa a Harlem ta Gabas, unguwar talakawa a birnin Niyok, wadda yawancin mazaunan ta baƙaƙe ne da 'yan asalin ƙasashen Latin. Ba ta da wasa a aji, yara na shan faɗa, amma masu son shiga su ka yi yawa har sai da aka koma ƙuri'a. Makarantun gwamnati uku ta ke zagayawa. Sai ga 1991: aka rage kasafin kuɗin ilimi na birnin, aka soke gurbin ta. Shekara 282 ke nan bayan ƙuri'ar da ta kori Vivaldi.

Ita dai ba ta tsaya jiran a sake kiran ta ba. Da ita da iyayen yara su ka kafa gidauniya mai suna Opus 118. A 1993 su ka shirya wasan neman taimako a Carnegie Hall, zauren da kowane makaɗi ke mafarkin hawa, inda manyan gwanayen goge na duniya irin su Isaac Stern da Itzhak Perlman su ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da yaran unguwa. Darasin ya ci gaba.

Darakta Allan Miller ya ɗauki labarin a wani fim na gaskiya, Small Wonders, a 1995, har ya shiga takarar Oska. Wanda ya maida shi fim na 'yan wasa kuwa, ba za ka taɓa kawo shi a ran ka ba: Wes Craven ne, sarkin finafinan ban tsoro, mai A Nightmare on Elm Street da Scream. Ashe shi ma tsohon malamin kwaleji ne kafin ya shigo fim. Da farko Madonna aka ba fitowar malamar, ta janye, Meryl Streep ta karɓa, ta shafe makonni ta na koyon goge kafin a ɗora kyamara. Music of the Heart ya fito a 1999, ya kuma kai ta takarar Oska.

In ka samu wannan, ka haɗa da Mr. Holland's Opus na 1995. Shi ƙagaggen labari ne, inda Richard Dreyfuss ya fito a matsayin makaɗin da ya karɓi koyarwa da niyyar 'yan shekaru kafin ya samu abin da ya fi, sai ga shi ya share talatin, a ƙarshe aka soke sashen nasa saboda kuɗi. Bayan abin da ka karanta a sama, ka san marubucin bai sha wahalar ƙirƙira ba. Wanda ya yi kiɗan fim ɗin, Michael Kamen, ya kafa gidauniya a 1996 domin raba wa makarantu kayan kiɗa.

KURA DA SHAN BUGU

Me ya sa kullum su ake fara sallama? Domin aikin su ba ya nuna kan sa a jarrabawar ƙarshen shekara. Yaron da ya fara goge yau, wata da watanni abin da ke fita daga hannun sa sai ka toshe kunne. Kafin ya zama gwani, malamin ya tsufa, shugaban da ya sa hannu a takardar sallama ya daɗe da barin ofis. Ga kayan da tsada, ga gyara. In an zo rage kuɗi, ba a taɓa lissafi da turanci, sai a waiwayi mai goge. Ranar da yaron ya shahara kuma, sunan sa ne a fosta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Vivaldi da Holst sun tsira daga mantuwa saboda abin da su ka rubuta, Guaspari saboda kyamara ta same ta, Gonsalves kuma saboda ɗalibin sa ɗan halak ne. Sauran dubban fa? Su sai dai a bakin ɗaliban su, in an tambaye su. Don haka, mai karatu, duk ranar da ka ga an yi hira da wani makaɗi ko mawaƙin fim, namu na gida ko na waje, ka duba ko an yi masa tambayar nan: wa ya fara ɗora hannun ka a kan abin kiɗa? In ba a yi ba, ka ɗauki biro ka rubuto wa filin wasiƙu.